Malamin lissafin da ya baro New York ya tare a Tuwal

Assalamu alaikum 'yan uwa na Jidda, Makka, Madina da duk inda kuke kallonmu. Yau tafiyar ba nisa, in ka bar Jidda ka miƙi hanyar arewa kamar kilomita 80 za ka tarar da Tuwal, garin masunta ne a bakin Bahar Maliya, to a nan aka kafa KAUST, jami'ar Sarki Abdullah ta kimiyya da fasaha, aka buɗe ta ranar 23 ga Satumba 2009. Da yawanmu mun sha wucewa ta gefenta a mota ba mu san me ake yi a ciki ba.

Mutumin da zan ba ku labarinsa sunansa David Keyes, Ba'amurke ne. Digirinsa na farko ma ba lissafi ba ne, injiniyancin jiragen sama da na injina ya karanta a Princeton ya gama a 1978, daga baya ya wuce Harvard ya yi daktora a lissafin da ake aiki da shi a zahiri, ya gama a 1984. Ya koyar a Yale, ya koyar a Old Dominion, sannan Columbia a birnin New York. A 2009 ɗin nan ya taho KAUST ya zama shugaban farko na tsangayar lissafi da kwamfuta da injiniyanci. Ya'ani ka duba fa, jami'ar da ba ta taɓa yaye ɗalibi ko ɗaya ba, kai ne za ka nemo malamai daga ƙasashe daban-daban ka shawo kansu su kwaso iyali su dawo bakin teku, kai ne za ka zauna a tsara me za a koyar, wallahi a ganina wannan ya fi rubuta takardun bincike wuya.

To wai wane irin lissafi yake yi? A nan nake so ku ba ni hankalinku.

Kun san yadda ake wanke Harami ai. Ba mutum ɗaya ake ba tsintsiya a ce ya gama ba, ana jan igiya a keɓe wuri, ma'aikata su jeru kowa da ɓangarensa, kafin ka ankara an gama an matsa gaba. Amma ruwan da na gefenka ya turo wajenka yake zuwa, dole ku riƙa lura da juna a kan iyaka in ba haka ba aikin ya ɓaci. Haka lissafin iskar da ke bi ta kan fiffiken jirgi yake, ko na man fetur da ke tafiya a ƙarƙashin ƙasa. Lissafin ya fi ƙarfin kwamfuta ɗaya, sai a yayyanka matsalar gunduwa-gunduwa a raba wa dubban ƙwaƙwalen kwamfuta, kowace ta yi nata, sannan su yi musayar sakamako a kan iyakokinsu, a maimaita, a sake maimaitawa har amsar ta daidaita. Matsalar ita ce wannan musayar tana cin lokaci, in ta yi yawa sai ka ga na'urorin suna zaune suna jiran juna, ga wuta ana ƙonawa a banza. Aikin Keyes na shekara da shekaru shi ne nemo dabarun da za su rage wannan jiran. Da irin wannan aiki, na lissafin iska a kan fiffike, shi da abokan aikinsa suka ci kyautar Gordon Bell a 1999, wato babbar kyautar da ake ba waɗanda suka yi fice wajen lissafi da manyan kwamfutoci, a 2007 kuma aka ba shi ta Sidney Fernbach, ita ma ta wannan fanni ce.

Kuma KAUST ba ta kira shi hannu rabbana ba, ta tanadi babbar kwamfutar da ake kira Shaheen, wato shaho. Ta biyun da aka kawo a 2015 tana da ƙwaƙwale kusan dubu 200, a lokacin ita ce ta bakwai a duniya wajen sauri, a nan kusa da mu fa.

Abin da ke damuna shi ne yaranmu, yaro ya iya riyadiyyat, wato lissafi, tun yana sanawi, wato sakandare, amma sai a ce masa ƙarshenta dai alli da allo ne, ya nemi abin da zai kawo kuɗi. KAUST ba ta yin digirin farko, majistir da daktora kawai take yi, kuma wanda ta ɗauka ita ke biya masa kuɗin karatu ta ba shi masauki da alawus, ɗan ƙasa ne ko baƙo.

Shi kuwa Keyes bayan shugabancin tsangaya sai ya koma jagorantar cibiyar bincike kan manyan kwamfutoci a jami'ar, kuma a 2024 yana cikin tawagar KAUST da ta ci kyautar Gordon Bell ta ɓangaren lissafin yanayin duniya, shekara 25 ke nan bayan waccan ta farko.