Bakhita, yarinyar da ta manta sunanta

Jama'a barkanmu da wannan lokaci. Yau labarin wata yarinya ce daga Darfur a Sudan, wajen garin Nyala, hanyar da alhazanmu na da suke bi a ƙasa zuwa Makka. An haife ta wajen 1869, ƴar ƙabilar Daju. Ba ta kai shekara goma ba masu farautar bayi suka sace ta, tsabar firgita har sunan da iyayenta suka raɗa mata ta manta, kuma ba ta sake tunawa ba har ta mutu. Su waɗanda suka sace ta ne suka sa mata Bakhita, da Larabci wai mai sa'a.

An sayar da ita an sake sayarwa, kasuwar El Obeid, kasuwar Khartoum. Amma gidan da ya fi muni shi ne na wani janar Baturke. Nan aka kwantar da ita, wata mata ta zana jikinta da garin fulawa, ta bi zanen da reza, sannan aka riƙa cusa gishiri a ciki don kada ya warke ba tabo. Tsaga 114, a ƙirji da ciki da hannu. Ni duk sanda na zo wurin nan sai jikina ya yi sanyi.

A 1883 ƙaramin jakadan Italiya Callisto Legnani ya saye ta, shi bai dake ta ba, da yaƙin Mahdi ya matso Khartoum ya tashi komawa gida sai ta roƙe shi ya tafi da ita. Can Italiya ta zama mai reno a gidan Michieli. A 1888 uwar ɗakinta za ta yi tafiya sai ta ajiye ta da ƴar da take reno wajen sistocin Canossa, wato matan Katolika da suka sadaukar da rayuwarsu ga hidimar coci, a Venice. Toh da matar ta dawo ta ce tashi mu tafi Sudan, Bakhita ta ce a'a. Ku duba fa, wadda tun tana ƙarama ba a taɓa tambayarta me take so ba. Magana ta kai gaban hukuma, ranar 29 ga Nuwamba 1889 aka yanke cewa dokar Italiya ba ta san bauta ba, don haka ƴa ce, ba baiwa ba.

An yi mata baftisma a Janairun 1890 da sunan Josephine, a 1896 ta ɗauki alkawarin zama sista. Daga 1902 tana garin Schio, aikinta girki da kula da coci da tsaron ƙofa, mutanen gari suna ce mata Madre Moretta, wato baƙar uwa. An ruwaito ta ce da za ta haɗu da waɗanda suka sace ta da ta durƙusa ta sumbaci hannunsu, domin ta dalilinsu ta zama Kirista. Maganar tana da nauyi, ba kowa zai iya ba.

Paparoma John Paul na biyu ya ayyana ta waliyyiya a 2000, kuma tun 2015 ƴan Katolika na addu'a kan safarar mutane a ranarta, 8 ga Fabrairu, irin safarar da ake yi da yaranmu ta Agadas zuwa Libiya. Ranar ce ta rasu a 1947. A ciwon ajalinta hankalinta ya koma baya, tana ta roƙon mai jinyarta ta sassauta mata sarƙa, ta yi nauyi.