Shayi a bakin dam: risho, gas ko kurfoti?

Bashir: Jama'a barkanmu da war haka, daga Katsina ta Dikko ɗakin kara. Yau Yaya Nura ne ya zo mana da rigima. Ya sayi kayak, ɗan siririn kwale-kwalen nan na mutum ɗaya, wai zai shiga dam ɗin Ajiwa ya kwana a gaɓa.

Nura: Ba rigima ba ce, abin dafa shayi nake nema. Wancan karon risho na ɗauka. Jirgin ya ɗan karkata, kalanzir ya tsiyaye cikin ledar garin kwaki. Kwana biyu ko gyatsa na yi, kalanzir nake ji.

Anti Rabi: Kai ma dai Nura! Risho ko a kicin ba ya son a girgiza shi, balle a kan ruwa. Ka ɗauki kurfoti mana, ga gawayi ko'ina.

Nura: Anti, gawayi in ya jiƙe ai sai kallo. Ga nauyi. Ramin ajiyar kayan kayak ɗin nan, tukunyar gas mai kilo 3 ma ba ta shiga bakinsa.

Bashir: To saura ɗan gwangwanin gas mai giram 230, wanda ake ɗaura wa kan murhu a sama. Ka sa shi a aljihun jaka ka manta.

Anti Rabi: A ranar Afrilu? A Katsina?

Bashir: Nan fa kika zo wurin. A jikin gwangwanin an rubuta kada zafinsa ya wuce digiri 50. Ka bar shi saman jirgi da azahar, ka ɗauko wa kanka magana. Ƙasa ake tura shi, a lulluɓe da tsumma.

Nura: Ni iska ce damuwata. Bakin ruwa babu abin da ke tare ta, wutar sai ta kwanta gefe, butar shayi na zaune.

Bashir: Ka kare ta da jikin jirgin ko duwatsu, ta gefen da iskar ke zuwa kawai. Kada ka zagaye murhun ruf da kwano, gwangwanin ne zai ɗau zafi. Akwai kuma ɗan murhun Trangia na mutanen Suwidin, mai amfani da sifirit, shi iska ba ta cika damunsa ba, sai dai jinkiri. Kuma da rana ba ka ganin harshen wutarsa sosai.

Nura: In gas ɗin ya ƙare fa? Ba a sake cika irin wannan gwangwanin.

Anti Rabi: Sai ka tafi da biyu. Ashana kuma a robar magani mai murfi. Kuma don Allah kada in ji ka kunna wuta kana cikin jirgi.

Nura: Sau ɗaya ne fa, Anti.

Anti Rabi: Au, har ka taɓa? Bashir, ba ni lambar Hajiyarsu.