'Yancin Jihohi a Amurka: 'Yancin Yin Me?

Assalamu alaikum. Mai girma shugaban taro, malamaina da ke zaune a gaba, iyayenmu mata, ɗalibai, barkanmu da yamma.

An ce in yi magana a kan iyakar ikon gwamnatin tarayya da batun ɓallewa. Zan kai ku Amurka, kuma zan daɗe a can, domin daga hannunsu muka aro tsarin shugaban ƙasa mai cikakken iko a 1979. Wanda ya ari riga kuwa, ya kamata ya san inda ta taɓa yagewa.

Da jihohi 13 suka rabu da Ingila, tsoron sarki bai bar zukatansu ba. Sai suka kafa gwamnatin tsakiya wadda ko haraji ba ta da ikon karɓa, sai dai ta roƙi jihohi. Tafiya ta ƙi. A 1787 suka zauna a Filadelfiya suka rubuta tsarin mulkin da suke kai har yau, suka lissafa wa tarayya aikinta: haraji, buga kuɗi, yaƙi, gidan waya, ciniki tsakanin jihohi da ƙasashen waje. A 1791 aka ƙara gyara na 10, wanda ya ce duk ikon da ba a ba tarayya ba, na jihohi ne ko na jama'a. Amma takardar nan dai ta ce dokar tarayya ce a sama da ta jiha. Maganar fita kuwa, ba ta ce uffan ba. Daga wannan shirun rigima ta taso.

Ku lura da waɗanda suka riƙa ɗaga muryar 'yancin jihohi. A 1798 Thomas Jefferson ne, lokacin yana adawa da gwamnatin John Adams. Da ya hau mulki, shi ne ya sayi yankin Luwiziyana daga Faransa a 1803, alhali babu inda tsarin mulki ya ambaci wannan ikon. A 1814 jihohin arewa maso gabas ne suka taru a Hartford, don yaƙi da Ingila ya kashe musu kasuwa. A 1832 Karolina ta Kudu ce ta ce harajin kwastan na tarayya ba zai yi aiki a ƙasarta ba, da goyon bayan John Calhoun, mataimakin shugaban ƙasa na lokacin. Shugaba Andrew Jackson, wanda shi ma mutumin kudu ne, ya nemi majalisa ta ba shi izinin amfani da soja, ta ba shi. Aka rage harajin a 1833, kowa ya mayar da wuƙarsa cikin kube. Kun ga kiran yana yawo ne daga hannu zuwa hannu, kuma kusan kullum yana hannun wanda aka kayar a tsakiya.

Yanzu ga inda nake so mu zauna. Za ku ji ana cewa jihohin kudu sun yi yaƙin basasa ne don kare 'yancin jihohi. To mu koma 1850. A shekarar majalisar tarayya ta yi doka a kan bayin da suka gudu. Bawa ya tsere daga kudu ya shiga jihar da ta haramta bauta, dokar ta ce a kamo shi. Ba shi da damar ba da shaida a kan kansa, babu masu taya alƙali yanke hukunci. Jami'in da ke sauraron ƙarar, in ya mayar da mutum bauta a biya shi dala 10, in ya sake shi a biya shi dala 5. Ku sake jin wannan: goma in ya ɗaure, biyar in ya saki. Wanda ya ɓoye bawa kuwa, tarar dala 1,000 da ɗaurin wata shida na jiransa. Su wa suka nemi wannan doka? Jihohin kudu. Ba a taɓa cusa hannun tarayya cikin gidajen mutane kamar haka ba, kuma masu kiran 'yancin jihohi ne suka cusa shi.

A 1854 aka kama wani saurayi, Anthony Burns, a birnin Bostan. Sai da aka jera sojojin tarayya a titi kafin a iya kai shi bakin jirgin ruwa a mayar da shi Bajiniya, dubban mutane na tsaye suna Allah wadai. A shekarar nan kuma jama'a suka fasa kurkukun Milwaukee suka fitar da Joshua Glover, wanda shi ma ya tsere daga bauta, ya tsallaka Kanada. Kotun ƙolin jihar Wiskonsin ta ce dokar bayin ta saɓa wa tsarin mulki. Wato a wannan karon arewa ce ke cewa jiha tana da 'yanci, kudu na cewa a bi tarayya.

Da Abraham Lincoln, mai adawa da faɗaɗa bauta, ya ci zaɓen shugaban ƙasa, Karolina ta Kudu ta ɓalle ranar 20 ga Disamba 1860, tun kafin a rantsar da shi. Ta rubuta dalilanta, suna nan kowa na iya karantawa. Babban kukanta shi ne jihohin arewa sun ƙi mayar da bayi, har ta jera sunayensu. Jihohi 11 suka fita. A tsarin mulkin da suka yi wa kansu, sun haramta yin duk wata doka da za ta taɓa mallakar bayi. Mutum kusan miliyan 4 ke cikin bauta a lokacin, 'ya'yan Afirka, kuma cikin kakanninsu har da waɗanda aka kwasa daga wannan yanki namu. Shi ya sa duk sanda na ji an ce 'yancin jihohi, nake tambaya: 'yancin yin me, kuma a kan wa?

An yi shekara huɗu ana yaƙi, rayuka sama da 600,000 suka salwanta. Wani abu da ba a cika faɗa ba: mutanen yammacin Bajiniya sun ƙi bin jiharsu, suka ɓalle daga masu ɓallewa, suka zama jiha a 1863. A 1869 Kotun Ƙoli, a shari'ar da ta shafi jihar Teksas, ta ce tarayya ba ta rushewa, jihohin da ke cikinta ma ba sa rushewa, kuma jiha ba ta fita da ra'ayin kanta sai da yardar sauran, ko ta hanyar juyin juya hali. Kiran 'yancin jihohi ya sake dawowa a 1957, lokacin da gwamnan Arkansas, Orval Faubus, ya sa dakaru suka tare yara baƙaƙen fata tara a ƙofar makaranta a Little Rock, sai da Shugaba Eisenhower ya aiko soja suka raka su aji.

Kada wani ya fita ya ce malam ya ce a bar wa tarayya komai. A'a. Mutanen Wiskonsin suna da gaskiya da suka ƙi ba da hannunsu a kama mutum. Kuma Amurka ta riƙe wannan. A 1997 wasu shugabannin 'yan sandan yanki biyu, daga Montana da Arizona, suka ƙi gudanar da binciken masu sayen bindiga da dokar tarayya ta ɗora musu. Kotun Ƙoli ta ba su gaskiya: tarayya na iya yin dokarta, amma ba ta da ikon mayar da ma'aikatan jiha 'yan aikenta. Wannan iyaka ce ta gaske, kuma ana cin moriyarta ba tare da an fasa ƙasa ba. Abin da ya ba ta ƙarfi shi ne kowace jiha tana da tsarin mulkinta, da 'yan sandanta, da harajin da take tarawa da kanta.

Mu dawo gida, a taƙaice. A 1953, bayan rigimar ƙudurin neman mulkin kai, shugabannin Arewa suka fito da buƙatu takwas waɗanda suka kusa raba ƙasar. Jam'iyyar Awolowo ta nemi a rubuta 'yancin ɓallewa a tsarin mulki, ta Azikiwe ta ƙi. A 1966 a garuruwanmu aka yi ta kiran araba, dattawan da ke nan sun ji da kunnensu. Shekara guda bayan haka Gabas ce ta fita, ranar 30 ga Mayu 1967, Arewa kuma na gaba-gaba wajen yaƙin haɗa ƙasa, har zuwa Janairun 1970. Kuma kamar yammacin Bajiniya, da yawa daga ƙananan ƙabilun Gabas ba su so tafiyar ba. Duk manyan yankunan nan uku sun taɓa riƙe wannan sanda, babu wanda zai yi wa wani gori.

Tsarin mulkin 1999 ya ce Nijeriya ba ta rabuwa. Amma ya ware wa tarayya abubuwa 68 ita kaɗai, ya ce rundunar 'yan sanda ɗaya ce tak, kuma yawancin jihohi ba sa iya biyan albashi sai kason wata ya zo daga Abuja. Wanda ake ciyarwa ba ya ɗaga murya. Ni ina goyon bayan a sakar wa jihohi mara, kuma na yi murna da gyaran 2023 da ya ba su dama a harkar wutar lantarki da jiragen ƙasa da gidajen yari. Sai dai tambayar da na yi wa Karolina ita zan yi wa gwamnoninmu. Gwamnan da ke son 'yan sandan jiha, me zai yi da su ranar zaɓe? Mun ga zaɓukan ƙananan hukumomi inda jam'iyyar gwamna ke lashe kowace kujera. Mun ga sai da Kotun Ƙoli ta sa baki a watan Yulin 2024 ta ce a riƙa ba ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye. Duk dokar da za ta kafa 'yan sandan jiha, ina so in ga an rubuta a ciki wanda zai naɗa kwamishina, wanda zai iya cire shi, da kotun da talaka zai je in an zalunce shi.

Shugaba ya miƙo mini takarda, lokaci ya yi. Na ga hannaye a can baya, mu fara da 'yar'uwar nan.