Motar Tsere Mai Shan Caji: Yadda Zama da BMW i8 Yake

Jama'a, assalamu alaikum. Motar da za mu duba ita ce BMW i8, motar da kamfanin BMW ya ƙera a masana'antarsa ta Leipzig, a ƙasar Jamus, daga 2014 zuwa 2020. Wajen guda 20,000 kawai aka yi aka rufe layin. Tana da murfi biyu a jikinta: na baya ana zuba fetur, na gaba kusa da taya kuma ana jona waya a yi caji. Yau ita za mu ɗauka mu ga yadda motar gudu mai haɗa fetur da lantarki take, a kan titi da kuma a gida.

Bari mu fara da abin da ke cikinta, don in ba a gane wannan ba sauran bayanin ba zai zauna ba.

A bayan kujeru akwai injin fetur mai fulogi uku kacal, lita 1.5, da turbo. Dangin injin da ake sa wa ƙaramar motar nan Mini ne, aka matsa masa har ya kai ƙarfin doki 231. Shi ne ke juya tayoyin baya, ta giya shida mai sauya kanta. A can gaba kuma, tsakanin tayoyin gaba, akwai injin lantarki mai ƙarfin doki 131, da 'yar giyarsa mai hawa biyu. In ka haɗa su, doki 362. Batirin yana kwance a tsakiya, tsakanin direba da na gefensa, daga gaba zuwa baya, a wurin da a wata motar sandar juya tayoyin baya take bi.

Ku lura da kyau: babu wani ƙarfe da ya haɗa injin gaba da na baya. Kwamfuta ce ke raba musu aiki, titi ne ke haɗa su. Saboda haka idan kana tafiya da lantarki zalla, motarka mai jan gaba ce. Idan ka taka totur sosai duka biyun suka tashi, ta koma mai jan ƙafa huɗu. Daga tsaye zuwa kilomita 100 a awa, daƙiƙa 4.4. An ɗaure gudunta a kilomita 250.

To, ka shiga ka danna maɓallin tayarwa. Fitilun gaban direba sun kama, amma ba ka ji komai ba. Babu ƙarar sitata, babu girgiza. Ka sa giya, ka ɗaga ƙafa daga birki, sai ta sulale daga gareji, abin da kake ji kawai ƙarar taya a kan tsakuwa da wani siririn fito na injin lantarki. Mai fita da asuba ba zai tashi maƙwabta ba. Sai dai yaron da ke wasa a layi shi ma ba zai ji zuwanka ba, don haka ido ya zama a buɗe. Idan ka danna maɓallin eDrive, za ta ci gaba a haka har gudun kilomita 120 a awa ba tare da ta taɓa fetur ba, muddin batir na da rai.

Ka tura sandar giya gefe zuwa Sport kuwa, sai ta canza hali. Allon gabanka ya koma ja, injin fetur ya tashi ya ƙi mutuwa, sitiyari da sifirin su ƙara tauri. Ƙaramin inji mai turbo yakan ɗan yi nauyin jiki kafin ƙarfinsa ya zo, amma a nan lantarki ke cike wannan giɓin, shi ya sa da ka taka sai ta amsa. Kuma a wannan yanayin injin yana mayar wa batir wuta yana tafe. Kana ɗaga ƙafa ko ka taka birki, injin lantarkin gaba ya zama janareta, ƙarfin da da zai tafi a zafin birki ya koma cikin batir.

Akwai wata 'yar dabara da ya kamata ku sani. Rurin da kake ji a cikin motar ba duka ne daga salansa yake fitowa ba. Ana ƙara masa kauri ta lasifika, don fulogi uku ya yi amo irin na manyan injuna. Wasu masoya mota ba su yafe wa BMW wannan ba har yau. Ni dai a ganina ba shi ne abin ɗaga hankali ba. Abin da ya fi cancantar a tsaya a kansa shi ne maganar shan mai.

A takardar kamfani, i8 tana shan lita 2.1 a kilomita 100. Motar da ke gudun 250, a ce ba ta kai ƙaramar motar haya shan mai ba! Ba ƙarya aka shirga ba, amma ku ji yadda aka samo lissafin. A tsohon gwajin Turai, ana auna motar da cikakken batir, sannan a sake auna ta bayan batir ya ƙare. Daga nan sai a ɗauka cewa bayan ƙarewar cajin, kilomita 25 kawai za ka ƙara yi da fetur kafin ka sake jonawa. Batirin i8 ta farko, mai kilowat-awa 7.1, an ce yana kai kilomita 37 a wannan gwajin. Ke nan an ɗauka cewa a duk kilomita 62, kilomita 37 kyauta ne ta fuskar fetur. Da haka aka sauko zuwa lita 2.1.

Hukumar kare muhalli ta Amurka ta yi nata awon, ta samu wajen kilomita 24 da lantarki, sannan idan caji ya ƙare motar na shan kusan lita 8.4 a kilomita 100. Mu yi lissafi da wannan. Ka ɗauki tafiyar kilomita 200 ba tsayawa. Ashirin da 'yan kai na farko batir ya ɗauke maka, sauran kuma fetur ne, wajen lita 15. Takarda kuwa ta sa ka yi tsammanin lita 4 da ɗoriya. Amma mutumin da ofis ɗinsa ke da nisan kilomita 10 daga gida, yana jona ta kowane dare, zai iya yin sati bai leƙa gidan mai ba. Mota ɗaya ce, mutum biyu, kowa da labarin da zai ba ka, kuma dukansu gaskiya suke faɗa. Soket ɗin bangon gareji ne ya raba su.

Kuma ba i8 kaɗai ba ce. A 2024 hukumar zartarwar Tarayyar Turai ta fitar da rahoto daga na'urorin auna mai da ke jikin motocin da aka yi wa rajista a 2021. Ta gano cewa hayaƙin da motoci masu haɗa caji da fetur ke fitarwa a kan titi ya ninka na ɗakin gwaji wajen sau uku da rabi. Babban dalili shi ne masu su ba sa jona su yadda aka zata. Wanda bai yi caji ba, dakon batir kawai yake yi da kuɗin fetur ɗinsa.

Shi cajin kansa ba wahala. Batirin ƙarami ne, soket ɗin gida ya wadatar, awa uku zuwa huɗu da rabi ya danganta da shekarar motar. Akwatin caji na bango ya fi sauri kaɗan, don cajar cikin motar ba ta karɓar fiye da kilowat 3.7. Cajin gaggawa irin na manyan tashoshi kuwa, i8 ba ta da shi sam. A 2018 an ƙara batirin zuwa kilowat-awa 11.6, ƙarfin duka ya hau zuwa doki 374, aka kuma fito da mai buɗaɗɗen rufi, wato Roadster. Ko a nan, awon Amurka bai wuce wajen kilomita 29 ba.

Ga wanda ke zaune a inda wuta ke zuwa tana ɗaukewa, wannan ita ce tambayar farko kafin ta farashi. Cajar za ta ja fiye da kilowat 2 na tsawon awanni ba hutawa, don haka sai wayarin mai kyau da waya mai sauka ƙasa, ba jone-jonen da aka saba yi wa fanka ba. In da janareta za ka yi cajin, to fetur ka ƙona ka samo wutar da za ta hana ka ƙona fetur, an yi ba a yi ba. Mai sola mai ƙarfi a gida shi ne zai ci moriyarta.

Yanzu mu zo ga ƙofa, don duk wanda ya ga i8 ita yake fara kallo. Tana buɗewa sama da gaba kamar fuffuke. Ba ta cin wuri ta gefe yadda mutum zai zata, amma tana son sarari ta sama, kuma idan wani ya matse ka a wurin ajiye motoci, sai ka jira shi. Ɗakin fasinjan an yi shi ne da zaren kabon da aka daskarar da roba, aka ɗora a kan ƙashin alminiyon. Shi ya sa duk da batir da injuna biyu, nauyin ta farko bai kai kilo 1,500 ba. Amma ƙarfin wannan ɗakin yana cikin dokin ƙofa ne, mai faɗi da tudu, kujerar kuma tana can ƙasa bayansa. Tsayin motar gaba ɗaya bai kai mita 1.3 ba. Yadda ake shiga shi ne ka juya baya, ka fara zama, ka zame cikin kujera, sannan ka ɗebo ƙafafunka ɗaya bayan ɗaya, ka miƙa hannu sama ka jawo ƙofar. Fita ta fi wuya. Mai babbar riga da hula zai gane kurensa ranar ɗaurin aure, ga jama'a sun zagaye motar da wayoyi suna ɗauka. Uwargida da lafaya kuwa, sai an ba ta hannu.

Kujerun baya sunan kujeru kawai suke da shi, yara ƙanana ko jakunkuna. But ɗin lita 154 ne, yana bayan inji, kuma yana ɗaukar ɗumi, kada a sa abin da zai narke. Tankin mai lita 30 ne a wasu, 42 a wasu. Kafin a zuba mai sai ka danna maɓalli ka ɗan jira, saboda tankin a toshe yake ruf don kada tururin fetur ya riƙa fita lokacin da inji ya daɗe bai tashi ba. Tayoyinta masu inci 20 ne amma sirara, na asali faɗin milimita 195 a gaba, 215 a baya, don rage jan iska da na titi. Wannan ya taimaki shan mai, sai dai a kwana mai tsanani gaban motar kan so ya zarce, kuma ba taya ce da za ka samu a kowane shago ba. Tudun rage gudu da ramuka, a kaikaice ake hawansu, a hankali.

Bonet ɗin gaba ba a yi shi don mai mota ya riƙa buɗewa ba, aikin gareji ne, da mutum biyu. Dalili a bayyane yake: wayoyin nan masu ruwan lemo suna ɗauke da wuta sama da bolt 350. Ba wurin gwajin sa'a ba ne ga mai wayarin da bai koyi aikin ba. Haka jikin kabon, idan ya tsage ba a buga shi da guduma a miƙe kamar ƙarfe, sai wurin da ke da kayan aikin da horon. Kuma na'urar sanyaya ɗaki a wannan motar ba jin daɗi kawai ba ce, da gas ɗinta ake sanyaya batir. A garin da zafin bazara ke haura digiri 40, esi ya lalace ka ce sai wata mai zuwa, batir kake gasawa. Sannan akwai ƙaramin batir mai bolt 12 irin na kowace mota. Idan ya mutu, ko babban yana cike motar ba za ta farka ba.

An sayar da i8 a Amurka kan dala 135,700 lokacin da ta fito, kuma a lokacin mutane da dama sun ɗauke ta abin gwaji. Porsche ma ta yi irin wannan mota mai haɗa fetur da caji, 918 Spyder, a daidai wannan zamanin, guda 918 kacal. Daga baya Ferrari ta fito da SF90 Stradale a 2019, doki 1,000, batirinta na kai kilomita 25. McLaren ta biyo da Artura, Lamborghini ta kawo Revuelto a 2023. SF90 da Artura ma ba su da giyar baya a cikin giyabos, lantarki ne ke mayar da su baya. A waɗannan, batirin ba don tsimin mai aka sa shi ba, don ƙarin ƙarfi ne da kuma cika dokokin hayaƙi na Turai. i8 ba ta kusa da su a gudu, amma ta fi su kama da motar da za a je aiki da ita kullum.

Tun da an daina ƙera ta, duk wadda za ka samu yanzu ta hannu ce. Garantin babban batir shekara takwas ne, wato na 2014 ya ƙare tun 2022, na 2020 kuma iyakarsa 2028. Don haka kada kyallin fenti ya ɗauke maka hankali. Ka nemi a sa mata kwamfuta a karanto lafiyar batirin. Ka duba ko sandunan da ke riƙe ƙofa a sama suna riƙewa ko tana sakkowa da kanta. Ka leƙa ƙarƙashin gaba ka ga abin da tudun titi ya yi mata. Sannan ka ce a cika ta da caji a gabanka, ka danna eDrive, ka kunna esi, ka tuƙa a cikin gari kana kallon mita har sai injin fetur ya tashi da kansa. Idan ta farko ce ta ba ka kilomita 20 ko sama, batirin na nan da ƙarfinsa. Idan ba ta kai 10 ba, ka tambayi kuɗin sabon batir da inda za a saka maka shi kafin ku shiga ciniki.