Kun Goge Tebur, To Iskar Ɗakin Fa?

[Hoto: hannu yana fesa magani a kan kujeru]

Masu kallo, barkanmu da warhaka. Da zarar korona ko mura ta fara zagaye unguwa, irin wannan bidiyon ne ke cika WhatsApp da Facebook. A fesa magani a kujeru, a goge mariƙin ƙofa, har wayar hannu sai an yi mata wanka. Sannan a ja tagogi a rufe ruf, a zauna cunkus a ɗaki ɗaya, hankali kwance. Wurin tagar nan ne ake yin tuntuɓe, kuma a kanta za mu tsaya yau.

Sauran matakan kun san su, don haka da gudu za mu wuce. Wanke hannu da sabulu na daƙiƙa 20. Wanda ba shi da lafiya ya zauna gida. Allurar rigakafin mura mai tsanani, wato infuluwenza, duk shekara ake sabunta ta, domin ƙwayar tana sauya kama. Antibayotik kuwa ba ya kashe bairos, wato irin ƙwayar da ke jawo mura da korona, don Allah a daina shan sa barkatai. Kada kuma a raina wannan mura: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tana kashe mutum 290,000 zuwa 650,000 duk shekara ta hanyar cutukan numfashi.

[Hoto: zanen ɗigon ruwa na fita daga bakin mai magana]

Yanzu ku dubi wannan da kyau. Ba sai mutum ya yi tari ko atishawa ba. Numfashi kawai, ko magana, ko rera waƙa, duk suna fitar da ɗigon ruwa daga baki da hanci. Manyan su kan faɗi ƙasa cikin mita 1 ko 2. Ƙananan, waɗanda ido ba ya gani, ba su da nauyin faɗuwa, sai su yi ta shawagi na mintoci har zuwa sa'o'i. Kamar hayaki ne a ɗaki rufaffe: ko kana can ƙurya nesa da wuta, in ka daɗe sai ya iso hancinka, kuma goge tebur ba ya rage shi ko kaɗan.

A ranar 10 ga Maris 2020, a jihar Washintan ta Amurka, mawaƙa 61 sun taru atisayen waƙa na awa 2 da rabi a cikin ɗakin taro. Mutum ɗaya ne ke da alamun ciwo a cikinsu. Daga baya aka ƙirga mutum 53 da suka kamu ko ake kyautata zaton sun kamu da korona, 2 suka rasu. Ku kwatanta da lissafin da cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta fitar a 2021: yiwuwar kamuwa da korona daga taɓa wuri mai ƙwayar sau ɗaya bai kai 1 cikin 10,000 ba. Ni a ganina, da rabin ƙarfin da muka ƙarar wajen fesa magani ya tafi ga buɗe tagogi, da an ceci rayuka da dama.

[Hoto: fanka na juyawa a ɗaki rufaffe]

Wani zai ce, ai muna da fanka. To fanka ba ta kawo sabuwar iska, wadda ke ɗakin take jujjuyawa. Haka ma yawancin iyakwandishan ɗin da ake maƙalawa a bango: ya shaƙi iskar ɗakin, ya sanyaya ta, ya mayar muku da abarku. A Janairun 2020, a wani gidan cin abinci a birnin Guangzhou na ƙasar Sin, mutum 10 daga iyalai 3 suka kamu, kuma teburansu na jere ne a kan hanyar iskar iyakwandishan ɗaya. Sanyi daban, tsabtar iska daban.

Abin da ake so shi ne tsohuwar iska ta fita, sabuwa ta shigo. CDC ta ba da shawarar a riƙa canza iskar ɗaki aƙalla sau 5 a kowace awa. Taga ɗaya ta fi babu, amma taga biyu masu fuskantar juna, ko taga da ƙofa, su ne ke sa iska ta ratsa. In taga ɗaya ce tak, a ajiye fanka a bakinta tana hura waje, a bar ƙofa a buɗe.

[Hoto: aji, ɗakin taro, motar haya]

A aji, a buɗe komai da zarar yara sun fita hutu. A ɗakin taro, a bar ƙofofi a buɗe tsakanin zama da zama, taron da zai yiwu a fili kuwa a kai shi fili. A mota, a sauke gilashin gaba da na baya ko da kaɗan ne. In sanyi ko ƙura suka hana buɗewa sosai, a riƙa buɗewa na ɗan lokaci a kai a kai, ko a sa na'urar tace iska mai matatar HEPA, wato matatar da ke tare ƙananan ɗigon nan.

Inda ba ku da iko da tagar, can ne takunkumi ke da rana, amma fa wanda ya manne a fuska ya rufe hanci da baki. Na N95, wato mai matata ta musamman, ya fi na yadi nesa ba kusa ba, wanda kuma aka saukar ƙarƙashin haɓa, haɓar kaɗai yake karewa.

Ku tuna mutum kan fara yaɗa ƙwayar kwana 1 ko 2 kafin ya ji ciwon a jikinsa, don haka kada a jira sai an ji tari kafin a buɗe taga. In kuma akwai tsoho a gidan, ko mai juna biyu, ko mai ciwon suga ko asma, aka ga numfashinsa na sarƙewa ko ƙirji na ciwo, a garzaya da shi asibiti a ranar, kada a bari sai gobe.