Zuciya a Cikin Kwamfuta: Laccar da aka yi wa ɗaliban harhaɗa magunguna a Kaduna

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji na? Madalla. Yau maganarmu yadda ake kwaikwayon zuciya a kwamfuta don a gane haɗarin magani. Abu uku zan taɓa in lokaci ya bari.

Na farko, ƙwayar tsokar zuciya da lantarki take aiki. A jikinta akwai 'yan ƙofofi: sodiyam ya shiga, kalsiyam ya biyo shi, fotasiyam ya fita, bugu ɗaya ya cika ke nan. A 1952 wasu masana biyu, Hodgkin da Huxley, suka mayar da irin wannan shige da fice lissafi, a jijiyar wata dabbar teku. A 1960 Denis Noble, yana ɗalibi a Landan, ya gyara lissafin ya dace da zuciya. Sai tsakar dare ake ba shi kwamfutar jami'a ya yi aiki. Ku masu kukan an ɗauke wuta, kun dai ji. (dariya)

To, akwai wata ƙofar fotasiyam, hERG. In magani ya toshe ta, ƙwayar takan daɗe ba ta koma daidai ba, tazarar QT (lokacin da zuciya take ɗauka daga fara bugu zuwa komawa daidai) a takardar ECG, wato awon lantarkin zuciya, ta yi tsawo, bugun ya hargitse, mutum ya yanke jiki ya faɗi. Haka aka janye terfenadine, maganin atishawa kawai fa, daga kasuwar Amurka a ƙarshen shekarun 1990, cisapride ya bi shi a 2000. Daga 2005 aka kafa ƙa'idar gwaji, kamfanoni suka tsorata, duk abin da ya taɓa hERG sai a ajiye shi.

Amma ku riƙe mini verapamil. Verapamil! Maganin hawan jini ne, yana toshe hERG sosai, kuma ba a san shi da wannan hargitsin ba. Don me? Saboda yana toshe ƙofar kalsiyam ma. Ya rage fita, ya rage shiga, lissafi ya tashi daidai. Da ƙofa ɗaya aka duba, da tuni an jefar da magani mai amfani. Kun gane? Ya rage fita, ya rage shiga. Ni wannan ne ya sa na yarda da aikin nan, don ƙwaƙwalwar mutum ba za ta haɗa ƙofa shida, bakwai, a lokaci ɗaya ba, kwamfuta kuwa cikin daƙiƙoƙi. Malama, ki rubuta verapamil ɗin, zai fito a jarrabawa.

Na biyu... ko na uku muke? Shirin CiPA na FDA, hukumar magunguna ta Amurka, 2013, wanda ke auna haɗarin magani a ƙofofi da yawa tare, a kan samfurin lissafi na O'Hara da Rudy na 2011 ya dogara, wanda aka gina da bayanan zuciyar ɗan Adam, ba ta zomo ba. A Oxford kuma suna ƙera ƙwayoyin tsokar zuciya iri-iri a kwamfuta, tunda zuciyata ba irin taki ba ce.

(Tambaya daga wani ɗalibi: Dakta, mu da maganin maleriya ya fi damu fa?)

Yauwa, ka kawo mu gida. Halofantrine yana tsawaita QT ƙwarai, shi ya sa aka ja baya da shi. Kwinin da kulorokwin ma suna taɓa hERG. Haɗarin yakan ƙaru in an haɗa su da irin su erythromycin, ko mutum ya sha amai da gudawa fotasiyam ɗinsa ya sauka, kuma mata sun fi shiga haɗarin. Wannan ma ana sa shi a lissafin: ka rage fotasiyam a kwamfuta, ka ga abin da ƙwayar za ta yi. Don haka in kana kemis a Kawo ko Tudun Wada aka zo sayen magani, fara tambaya me ake sha tun kafin a zo. Akwai wata tambayar? An kusa kiran la'asar.