Alminiyum da Litiyum: Ƙarfe Mara Nauyi, Tsaga Mai Taurin Kai

Mai ƙera jirgin sama ba shi da abokin gaba kamar nauyi. Duk kilo ɗaya da aka rage a jikin jirgi, mai ne aka tsira da shi a kowace tafiya har jirgin ya tsufa. Shi ya sa idon masana ya daɗe a kan litiyum, wanda ya fi kowane ƙarfe rashin nauyi. Idan aka zuba kashi 1 cikin 100 na litiyum a alminiyum, nauyi yakan ragu da kusan kashi 3, ƙin lanƙwasa kuma ya ƙaru da kusan kashi 6.

To me ya hana a rungume shi tun tuni? Tsaga.

Ku riƙe wannan: ƙarfi daban, juriyar tsaga daban. Ƙarfi shi ne yawan kayan da abu zai ɗauka yana lafiya lau. Juriyar tsaga kuwa, ita ce abin da zai iya jurewa bayan ɗan tsagi ya riga ya bayyana a jikinsa, a ce a bakin ramin ƙusa. Injiniya ya san tsaga za ta zo. Abin da yake nema shi ne ta yi tafiyar hawainiya, masu duba jirgi su gan ta kafin ta ruga.

A ƙarshen shekarun 1950 kamfanin Alcoa ya fito da gami, wato haɗin alminiyum da litiyum, mai lamba 2020, aka sa shi a fikafikan jirgin Vigilante na sojojin ruwan Amurka. Ƙarfi kam akwai, amma yana da gautsi, kuma cikin shekarun 1960 aka daina yin sa. A shekarun 1980 aka sake gwadawa da 2090 da 8090, masu litiyum sama da kashi 2. Nan ma matsalar ta biyo su.

Mu leƙa cikin ƙarfen mu ga dalili. Ƙarfe tarin ƙananan ƙwayoyi ne manne da juna. Idan litiyum ya yi yawa, yakan haɗu da alminiyum ya haifar da wasu mitsitsin ɗigo a cikin kowace ƙwaya. Su ke ba da ƙarfin, amma suna yankuwa. Idan aka matsa wa ƙarfe, sassan cikin ƙwaya sukan zame kan juna, kuma da zarar wannan zamewa ta yanke ɗigon a layi ɗaya, layin ya yi laushi, sai duk zamewar ta riƙa bi ta nan, ta je ta tara matsi a iyakar ƙwaya. Iyakar kuwa dama ba ta da ƙwari, musamman in akwai burbushin sodiyum ko fotasiyum. Sai ta buɗe.

Ga kuma siffar ƙwayoyin. Wajen murza ƙarfen ya zama faranti, ƙwayoyin sukan baje su yi fale-fale, wata kan wata. Kamar itace ne: a tsaye gatari ke raba shi nan take, a kwance kuwa sai an sha wuya. Faranti ɗaya, amma juriyarsa ta dogara da inda aka ja shi, kuma ta wajen kauri ya fi rauni. Har tsaga takan bar hanyar da lissafi ya nuna ta karkata. Wannan karkacewar tana rage mata gudu, domin ɓangarorinta masu kaushi suna cije juna, amma tsagar da ba a san inda ta dosa ba, da wuya a rubuta mata jadawalin dubawa.

Abin da ya fi burge ni shi ne sanyi. Ƙarafa da yawa gautsi suke yi a tsananin sanyi, amma wasu daga cikin waɗannan masu litiyum juriyarsu ƙaruwa take. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne ɓarewar waɗancan ƙwayoyin fale-fale daga juna: idan tsaga ta zo ratsa faranti, sai ya rabu gida-gida, kowane siriri ya miƙe ya sha wani kaso na ƙarfin tsagar kafin ya yanke.

Masana suka koma suka rage litiyum zuwa ƙasa da kashi 2, suka ƙara jan ƙarfe, da ɗan azurfa a wasu, suna miƙar da farantin kafin a gasa shi, don wani nau'in ɗigon daban ya tsiro ko'ina cikin ƙwaya. Da irin wannan gami, mai lamba 2195, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta sake ƙera babban tankin man kumbonta na Space Shuttle, wanda ke ɗauke da ruwan haidurojin mai sanyin digiri 253 ƙasa da sifiri. Ya fara tashi a 1998, nauyinsa ya ragu da kusan kilo 3,400. Yau 'yan'uwansa suna jikin Airbus A350 da A220, kuma har yanzu kafin a amince da faranti, sai an yanko samfuri ta tsawo, ta faɗi, da ta kauri, an tsaga kowanne an auna.